Wa Ya Kawo Mana Goge?

Duk sanda na zauna shan shayi a mamak ɗin Pantai Dalam, rumfar cin abinci ta Indiyawa, sai an samu wani ɗalibi da ko gemunsa bai haɗe ba ya tambaye ni sana'ata. In na ce masa kiɗan Ailan nake zaɓar wa mutane, sai ya dubi abokinsa su yi murmushin nan da ake yi wa tsoho in ya fara sakin layi. Na kwanan nan ma cewa ya yi, "Ankul Habu, wannan ai ba aiki ba ne lah. Ka rubuta Irish a waya kawai, ta jero maka har ka gaji." To, na ji. Tunda kun ce ba aiki ba ne, bari in gaya muku yadda ake koyon wannan rashin aikin, da yadda kalma ɗaya ta bakin Bahaushe ta raba ni da kantar da na yi ƙuruciyata a gindinta.

Ni mutumin Zariya ne. Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, karatun ya ƙare ni ban ƙare ba, neman abin yi ya jefa ni Brickfields, unguwar Indiyawa da ke jikin babbar tasha. A can na samu shagon faya-fayan sidi na wani dattijo da kowa ke kira Ankul Raju. Gaban shagon waƙoƙin fina-finan Tamil ne, ana sakinsu da ƙarfin da har mai sayar da furanni a tsallaken titi yake rausaya. Can ƙurya kuma, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa, akwai kanta guda ɗaya da babu komai a kanta sai kiɗan mutanen Ailan da 'yan uwansu na Sikotilan da Wales da wani yanki na Faransa, waɗanda a dunƙule ake ce wa Keltik. Ankul Raju ya yi samartakarsa yana raba abinci a wani kulob na Turawa, a nan kunnensa ya kamu. Gaban shago ke ciyar da iyalinsa, amma kantar bayan ce yake gogewa da kansa.

Watannin farko ban sayar da ko faifai ɗaya ba, don an hana ni yi wa mai saye magana. Aikina shara, goge ƙura da sauya bokitin da ke tarar ruwan na'ura. In kasuwa ta yi sanyi sai ya tsayar da ni ina fuskantar bango, ya sa faifai, ya daka mini tambaya: "Capati ko nasi lemak?" Da farko na ɗauka abinci zai saya mini, har na ce nasi lemak da ƙwai. Ya dube ni kamar ya mayar da ni inda na fito. Ashe kiɗan rawarsu iri biyu ne manya. Wanda ake kira jig uku-uku yake tafiya, in ka ce ca-pa-ti, ca-pa-ti, zai hau daidai. Wanda ake kira ril kuma huɗu-huɗu ne, na-si-le-mak, na-si-le-mak. Daga baya da na fara koya wa 'yan gida sai na mayar da su tattasai da ƙuli-ƙuli. Wanda bai iya raba capati da nasi lemak ba, a cewar Ankul, kada ya kusanci kantar nan sai da tsintsiya.

Bayan ƙafa ta iya, sai kunne ya koyi raba kayan kiɗan. Akwai 'yar sarewar kwano da kowa ke so tun jin farko. Akwai gangarsu mai fuska ɗaya, wadda in ka gan ta za ka rantse bandiri ne aka sato daga zawiyya. Akwai wata algaita da ba a busa ta da baki, zuga-zugi ake matse mata a hammata kamar maƙeri. Akwai babbar garayarsu mai tsirkiya barkatai. Sai kuma uban tafiyar, wanda ake ɗorawa a kafaɗa ana ja da baka, shi zan dawo kansa don shi ya ci ni. Kayan aikina kuwa ba su da yawa: na'urar sauraro mai abin sawa a kunne guda biyu, da tsumman goge faifai. Biyun nan da gangan ne, ɗaya na mai saye, ɗaya naka. Kuna jin abu ɗaya lokaci ɗaya, shi yana kallon bangon faifai, kai kana kallon ƙafarsa. Mutum zai ce maka "nice, nice" don kunya, amma ƙafarsa ba ta san kunya ba, in ba ta motsa ba ka sauya faifai.

Ranar da aka fara bari na yi ciniki, wata amarya 'yar Sin ce ta shigo da waƙar da ta ji a wani gidan abinci, tana so ta yi rawar farko da angonta da ita. Ta rera mini, na gane ta, na ciro faifan ina ta washe baki. Ankul ya zo ya karɓe shi daga hannuna ya ce da ita, "Miss, kin san abin da take faɗa?" Ba ta sani ba. Waƙar wata mata ce da ke tsaye bakin teku tana jiran saurayin da ruwa ya riga ya ci. Ya ba ta kiɗan garaya mara murya, ta tafi tana godiya. Daga ranar na san mutanen Ailan ɗin nan ba a yarda da muryar waƙarsu. Za su ɗauko kiɗa mai daɗi na tsalle-tsalle su ɗora masa labarin wanda za a rataya da safe. Za su ɗauko mai sanyi kamar na reno, ka bincika ka tarar barasa ake yi wa kirari. Wayarku ta san wannan? Za ta jero muku waƙar gawa a ranar suna, ku yi ta tafi.

Saboda haka ba a tambayar mutum me yake so, don bai sani ba. Tambayarsa ake a ina zai saurara. Direban tasi Bamale, ɗan asalin ƙasar nan, da ke wuni a cunkoson titi, ril mai sarewa da jita ake ba shi, ba a ba shi algaitar hammata, don sabon kunne in ya fara da ita gudu yake yi bai dawo ba. 'Yan mata masu lulluɓin tudung da suka ji sarewa a fim suka zo nemanta, a fara musu da masu sanyi, sannan a lallaɓa su zuwa jig. Yaran da suka taso da ƙarar jita ta lantarki, fok rok ake ba su, wato tsofaffin waƙoƙin ƙauye da aka haɗa wa jita da gangunan zamani da ihu. In ya kama su, da ƙafarsu za su dawo neman na asali, wanda tsoho ɗaya ke rerawa babu kiɗa ko kaɗan. Su kuwa mutanen Ailan ɗin kansu, injiniyoyin da aiki ya kawo, abin da suka tsana shi ne faifan da aka zana wa koriyar hula da ɗan wada a bango. Wani ya taɓa tsayawa a gaban kantar nan da abin sauraro a kunne, ƙato da shi, hawaye na bin gemunsa, ni kuma na juya ina goge faifan da ba shi da ƙura.

Yanzu sai mutanena. Ɗaliban Najeriya masu karatun digiri na biyu da na uku sun gano kantar ne don suna neman abin da za su sa a kunne suna rubutu, wanda babu murya a ciki. Na farko da ya zo, wani ustazu mai tsabtar kaftani, na sa masa faifai, ƙafarsa ta kama aiki. Ya tambaye ni, "Malam Habu, wannan wane abin kiɗa ne?" Ni kuma da zuciya ɗaya na ce, "Goge ne, na Turawa." Wallahi kamar na zuba masa garwashi a kunne. Ya fizge abin sauraron ya ce a'uzubillahi, ya fice ko sallama babu. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. A gida goge kiɗan 'yan bori ne da gidajen da ba a gaya wa uwa an je, ɗan mutunci ba ya yarda a ji shi a ɗakinsa.

Da na yi wa Ankul bayani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce su ma masu abin suna biyu suke ba shi: in a mashaya ake ja fidil ne, in a babban zaure ne mai kujerun alfarma, bayolin ne, icen kuwa ɗaya. Ba a jima ba ustazun nan ya dawo, ya samu Ankul, aka sa masa faifan nan dai, aka ce masa bayolin ne. Ya saya, har yana cewa an ce yana buɗe ƙwaƙwalwa. Daga nan na bar kalmar goge a gida in zan fito aiki. Na sayar wa daktoci da masu jiran zama daktoci bayolin iya son raina, kundin digiri nawa aka rubuta a unguwar Lembah Pantai da goge a kunne, Allah kaɗai ya sani. Kuma kada wani ya ce yaudara ce. Sunansa ne na gaskiya, na zaɓi wanda mai saye zai iya shiga da shi gida.

A cikin masu zuwa akwai Nabila, 'yar wani malamin jami'a ɗan Katsina. A nan ta girma, in ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci ta rufe da lah. Da fok rok ta fara tun tana sakandare, tana son masu ihu da buga ganga, a hankali ta gangaro har ta fi wasu Turawan sanin na gargajiya. Ita kaɗai ce a 'yan gida ba na ɓoye wa komai, don ko na ce mata goge ba ta san abin tsoro a ciki ba.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da waya ta gama cinye kasuwar faifai. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, amma a shekarar ne za ka wuni ba wanda ya taka ƙuryar shago sai mai neman banɗaki. Mutane su shigo, in ɓata lokaci in zaɓa musu, su ɗauki hoton bangon faifan da waya su ce za su dawo. Ankul ya tsufa, ɗansa Kumar ya karɓi shago, shi kuma abin da yake gani a kantar baya shi ne wurin rataye rigunan waya da caja. Uban ya roƙe shi, suka tsaya a kan magana ɗaya: shago yana da lasifikoki, in zan iya samo aikin bukukuwa, ina zaɓar kiɗa ana hayar kaya, kanta ta zauna. In ban samo ba, a kwashe. Ni kuma ba ni da wata sana'a, abin da na iya ke nan a duniya.

Ana cikin haka Nabila ta shigo da katin aurenta. "Ankul Habu, kai za ka yi mini kiɗan walima. Na gaya wa Mama, ta ce boleh, ta yarda." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Mahaifiyarta Hajiya Binta ita ce uwar matan 'yan Najeriya a Pantai Dalam, mai girkin da ta yaba shi kowa ke kira, telan da ta kushe kuwa sai ya sauya unguwa. Bikin aure, suna, walimar kammala karatu, duk ta hannunta suke bi. In na burge ta, kanta ta tsira.

Ta kira ni gidansu ta yi mini tambayoyi kamar mai neman aurena. "Malam Habu, abokan aikin maigidana Dakta za su zo, Malawa da Indiyawa da Turawa. Ba na son hayaniya, ba na son abin da za a ce. Kuma surukata ta zo daga gida musamman, tsohuwa ce mai addini. Wane irin kiɗa ne wannan da yarinyar nan ta nace?"

Na ce, "Bayolin ne, Hajiya, da sarewa da garaya. Babu murya ko ɗaya."

Ta ce, "Bayolin. To madalla, wannan ai na manya ne."

Ban taɓa shirya aiki kamar wannan ba. Garaya mai sanyi lokacin da baƙi ke shigowa, don mutane su ji gaisuwar juna. Sarewa da jita lokacin cin abinci, jig marasa gaggawa, waɗanda ba sa sa cokali rawa. Na ajiye fok rok ɗaya mara waƙa can ƙarshe saboda ƙawayen amarya. Shigowar amarya kuwa na ba ta abin da na fi so a kantar gaba ɗaya: wani tsoho ne shi kaɗai da gogensa, yana farawa a hankali kamar mai ba da labari, sai can ya juye ril, bandirin ya shigo masa. Na auna tsawon zauren da ƙafata don juyin ya zo daidai tana tsakiya.

Ranar Asabar bayan azahar zaure ya cika. Komai ya tafi yadda na tsara, har wani farfesa Bature ya ɗaga mini babban yatsa daga teburinsa. A teburin gaba aka zaunar da kakar amarya, wadda suke kira Iya, 'yar tsohuwa ƙarama cikin farin mayafi, kunnenta ya ɗan yi nauyi, saboda haka in za ta yi magana sai ta ɗaga murya. Tun da aka fara ba ta kula kowa ba, tana jan carbinta. Aka buɗe ƙofa, Nabila ta shigo da ƙawayenta, na saki tsohon nan. Ina gani Iya ta tsayar da carbi ta karkata kai. Amarya ta kai tsakiya, kiɗa ya juye, Malawa suka fara tafi. Sai muryar Iya ta ratsa zauren:

"Kai! Wa ya kawo mana goge?"

Rabin zauren da ba ya jin Hausa ya ci gaba da tafi. Rabin da ke ji kuwa ya ƙame, wani da lomar shinkafa a hanya. Kafin in ƙifta ido Hajiya Binta ta iso kaina, ɗaurin ɗankwalinta na rawa.

"Malam Habu, ba bayolin muka yi da kai ba?"

"Shi ne, Hajiya."

"Shi ne me? Iya ta ce goge ne!"

"Hajiya, kunnen Iya bai yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne, suna ne biyu. Ki bari amarya ta ƙarasa, saura kaɗan."

"A bikin 'yata? A gaban uwar mijina? Kashe shi. Kashe, na ce!"

Na kashe. Amarya tana tsakiyar zaure, shiru ya sauka, ba ka jin komai sai ƙarar takalmanta da ƙawayenta har suka kai kujera. Baƙin suka yi ta waige, suna zaton wuta aka ɗauke. Wani ɗan'uwan ango ya zo ya zare wayata daga lasifika ya soka tasa, ya saki waƙar biki irin wadda inji ke matse wa mawaƙi murya, mai baitocin da in da Iya tana jin su sosai da sai an yi mata fifita. Wannan kuwa ba wanda ya ce uffan, tunda babu goge a ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba Hajiya ba ce, ita tsoron suruka ne ya kama ta, kuma na san wannan tsoron. Daktocina ne. Ina naɗe waya ina kallonsu, mutanen da rabin kantata ke ɗakunansu, kowa ya sunkuyar da kai yana binciken naman da ke farantinsa. Ustazun nan mai buɗaɗɗiyar ƙwaƙwalwa, wanda a lokacin ya zama dakta, na ji shi da kunnena yana gaya wa na kusa da shi, "Wallahi ni tun farko na ji wani abu-wani abu a kiɗan nan." Faifan da ake magana a kai kuwa yana cikin motarsa a waje, a kantarmu ya saye shi.

Kafin a kwana biyu sunana ya koma Habu mai goge. Ba wanda ya zage ni, mutanenmu ba sa haka, gaisuwa ce kawai ta gajarce, waya kuma ta daina ƙara. An yi suna, an yi walimar digiri, an yi wani auren, duk da wayar ɗan'uwan ango aka yi su. Yau ɗin nan da nake zaɓar wa otal-otal da gidajen abinci kiɗa, ina yi wa Sinawa da Indiyawa bukukuwa, har yanzu Bahaushe bai sake kira na taro ba. Kumar bai yi mini gori ba, ya dai kira kafinta. Ankul Raju ya ce in kwashe faya-fayan in kai gida, ba ya so ya ga an auna su a kilo, daga nan ya daina zuwa shago.

Ranar kwashewa da hantsi ina durƙushe cikin kwalaye, kafinta yana kwance kusoshin kantar, sai na ji sallama da Hausa. Nabila ce, da ledojin yadi daga kasuwar Masjid India, tana riƙe da hannun Iya. Tsohuwar za ta koma gida ne, aka fito da ita sayen tsaraba, ta ce sai an kawo ta wurina. Na ce a raina, an rushe ni bai isa ba, sai an zo an yi mini wa'azi a kan kangon. Na miƙe na gaishe ta, na jawo mata kujerar roba.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai gogen?"

"Ni ne, Iya. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kowa haƙuri, haƙuri. Tun daga zauren nan har gida ake ba ni haƙuri. Ni abin da na zo tambaya, me ya sa ka kashe?"

Na dubi Nabila, ita ma ni take kallo. Na ce, "Iya, ai ke kika yi magana."

"Na ce a kashe? Tambaya na yi, wa ya kawo. Ina so a nuna mini shi in yi masa liƙi. Ina cikin kwance bakin mayafina ke nan na ji ɗif." Ta gyara zama. "Ɗan nan, da goge aka kai ni ɗakin miji. A garinmu in an gama girbi har gari ya waye ana ja, malamai na gidajensu, ba wanda ya ce mun kafirta. Rabon da in ji hannu irin na mutumin nan tun kafin a haifi uban yarinyar nan. Ga shi ya ɗauko juyi ke nan, kuka datse shi."

Nabila ta saki ledojin hannunta. "Iya! But why... me ya sa ba ki faɗa ba? Mama ta ɗauka fushi kika yi!"

"Wa ya tambaye ni? Na ga kowa ya ɓata rai, na ce ko a nan ƙasar haramun ne."

Ban san lokacin da na zauna a kan kwali ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma dariya na cina, na rasa wanda zan bari ya fito. Zaure guda na masu digiri, ba a samu mutum ɗaya da ya matsa ya ce Iya me kike nufi ba. Ni ma da ke riƙe da lasifika ban tambaya ba.

Ta ce, "To yana ina? Sa mini in ji ƙarshensa."

Na tona kwalaye har na samo faifan. An riga an cire na'urar daga mazauninta, sai na ajiye ta a ƙasa na jona a soket ɗin da kafinta ke aiki da shi, na roƙe shi ya dakata. Ya tsaya yana kallonmu da guduma a hannu. Tsohon nan na Ailan ya fara labarinsa a hankali, ya juye, bandiri ya shigo, ya tafi har inda ya ga dama ya sauka da kansa.

"Yawwa," in ji Iya. "Yanzu ya ƙare."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro takardar kuɗin da ta ƙudundune tun ranar biki, ta ce in sunkuyo. Na sunkuya, ta manna mini a goshi, gumi ya riƙe ta. Tana nan a goshina kafintan ya taɓa kafaɗata ya ce, "Bos, gyara kaɗan," ya fita da kantar.